Yadda Na Yi wa Waken Kaka Haɗin Janareta

Ni dai a unguwarmu, bayan surutu, abu ɗaya aka san ni da shi: haɗin man janareta. Ƙaramin injin nan mai hayaƙi, wanda sai an zuba masa baƙin mai a cikin fetur kafin ya yarda ya yi aiki. Daga layinmu a Narayi har bakin titi, mai aski, mai cajin waya, matar da ke sayar da ƙanƙara, duk wanda injinsa ya fara tari ni ake aika wa. Makaranta kuwa na yi, ba ƙarya, na kai aji biyar a sakandare kafin ni da ita mu rabu lafiya, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Darasi ɗaya tak na haddace a duniya, shi ma a wurin wani bakanike na samo: mai in ya yi yawa, hayaƙi kawai inji zai yi, in ya yi kaɗan kuwa inji ya buga. Saboda haka kullum ka ƙara, kar ka rage.

Ku riƙe wannan maganar. Da ita na kashe abin da ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Kakata, uwar Mamana, ta zo wurinmu ne bayan girbi, a bayan wata motar citta, da zane ɗaya a jikinta da silifas wari daban-daban. Ranar da aka kai wa ƙauyensu hari, mutane suka watse cikin daji, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wasu yara, wasu akuya, wasu takardun makaranta. Ita tsohuwa rumbu ta faɗa, ta kwaso irin wake kamar mudu biyu ta ƙulle a ɗankwali. Da ta waiwayo daga kan dutse, rumbunan duk hayaƙi suke.

Waken ja ne, mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabo, yana hawa itace in an shuka shi. Yana da suna a yarenmu, amma duk lokacin da na faɗa sai ta ce na ɓata shi, don haka na haƙura. Ta ce uwar mijinta ce ta ba ta a shekarar da aka kai ta gidan miji, ita ma haka aka ba ta. Ta tambayi duk 'yan garinsu da ta haɗu da su a coci, babu wanda ya fito da ko ƙwaya ɗaya. Wata ƙawarta da ke zaune a Gonin Gora ta yi mata alkawarin kunya biyu a bayan gida in damina ta sauka, ta shuka ya yi yawa, kafin hanyar gida ta buɗe. Aikin da ke gabanta ke nan: ta kai waken nan ruwan farko da rai.

Ni da ita wasa muke, irin na kaka da jika. Tana kirana Maigida, ina kiranta Uwargida.

"Maigidan banza," ta kan ce in na shigo, "ko gishiri ba ka taɓa kawowa ba."

"Uwargida, ai ke ce ba ki da haƙoran cin abin da zan kawo."

A ƙauye, a cewarta, ajiyar iri ba wahala. Tukunyar ƙasa, tokar kara mai laushi, busasshen barkono, a liƙe baki da laka, shi ke nan sai damina. To mu gidan haya muke, ɗaki ka-ganni-in-gan-ka, tsakar gida siminti har bakin ƙofa, girki da ƙaramar tukunyar gas. Toka ma sai da na je na roƙo wurin mai ƙosai. Kaka ta shinshina ta ce warin leda take, da roba suke hura wuta. Ta yi amfani da ita a haka don ba yadda za ta yi, ta zuba waken a wani bokitin fenti mai tsagaggen murfi, ta tura ƙarƙashin gado.

Da zafin bazara ya kankama, wata rana da azahar ina kwance ina danna waya, sai ta jawo bokitin zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Idonta ya yi rauni, komai hazo-hazo take gani.

"Maigida, zo ka ara min idonka. Waken nan motsi yake, ko ni ce?"

Na leƙa. Ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa suna ta kai da kawo, wasu na tashi sama, wasu na leƙowa daga ramuka zagayayyu kamar da allura aka huda. A jikin wasu ƙwayoyin ga fararen ɗigo, ƙwai ke nan.

"Uwargida, kin yi baƙi. Kuma da alama da iyalansu suka zo."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsoma hannu ta ɗebo ta matse, gari ya zubo ta tsakanin yatsunta. Ta shanya shi a rana kwana biyu a kan buhu, tana zaune a gefe da sanda tana korar kajin maƙwabta. Ƙwarin suka gudu, ta mayar, bayan mako guda sababbi suka fito daga ciki. Sai ta daina cin tuwon rana. Ba ta ce don waken ne ba, amma kowa ya sani.

Nan fa bakina ya jawo min. Na ce a bar min aikin, wannan ba zamanin toka ba ne.

Mama, wadda ke sayar da abinci a Kakuri, tana ɗaure kuloli za ta fita, ta juyo ta nuna ni da cokali. "Kai, ba janareta ba ne. Kar in ji, kar in gani. Maganin ƙwarin nan mutane yake kwantarwa a asibiti."

"Mama, ai ba ci za a yi ba."

"Na dai faɗa maka."

Washegari na hau keke zuwa Kakuri, shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da taki da magungunan gona. Kowa Oga yake ce masa. A Kaduna aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi tawa, sai in ransa ya ɓaci ya koma Turancin kasuwa.

"Oga, ina son abin da zai kashe ƙwaron wake har jikokinsa."

"Na ci ne, ko na ajiya?"

"Na ajiya."

Ga inda na fara faɗawa rami. Da na ce iri ne, da labarin nan bai samu ba. Amma a kaina ajiya ajiya ce.

Oga mutum ne mai son bayani. Ya ce 'yarsa tana karatun noma a jami'a, kuma ita ta hana shi sayar wa mutane guba zalla. Yanzu dabara ita ce a haɗa maganin ƙwari ɗan kaɗan da man tsirrai masu ƙarfin ƙamshi. Man yana rikita ƙwaron, yana buɗe wa maganin hanya, sai ɗan abin da ka sa ya yi aikin mai yawa, gubar da za ta zauna a hatsi ta ragu. Ya ɗauko wata 'yar kwalba kamar ta turare, man kanumfari, da wata ta man darbejiya, ya tsiyaya min maganin ƙwari a ta uku.

"Saurara da kyau, yarona. Wannan na buhu guda ne, babban buhu. Magani rabin murfi. Kanumfari ɗigo-ɗigo, ka ƙirga. Ka yayyafa, ka juya, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Ka ji?"

"Oga, ni fa injiniyan haɗi ne. Tambayi Narayi."

"Injiniya ko? Allah ya kiyaye."

Gaskiya kunnena ɗaya ne a wurinsa. Ɗayan yana wurin yarinyar shagon kusa mai sayar da katin waya, wadda nake ta ƙoƙarin sa wa dariya tun shigowata. Abin da ya shiga kaina shi ne: mai da magani, a haɗa. Ai kuwa aikina ne.

Na jira ranar da Kaka ta tafi zumuntar mata a coci, don na san in tana nan ba za ta bari ba. Na juye waken a faranti na tsince duk masu rami, wajen kashi ɗaya cikin uku, na watsa su bayan banɗaki inda ruwan wanka ke bi. A ganina marasa lafiya ne, a sallame su. Masu kyan na zuba a wankakkiyar jarka. Na sa magani rabin murfi daidai yadda Oga ya ce, don ina tsoron guba. Da na zo kan mai, sai na tsaya ina kallon kwalbar. Ɗigo-ɗigo? Wannan ai rowa ce. Mai ne fa, kuma na itace, har a shayi ake sa kanumfari. In ya yi yawa, hayaƙi kawai. Na juye kwalbar duka. Na bi da man darbejiya, shi ma duka. Na rufe jarka na girgiza ta da hannu biyu, sama da ƙasa, kamar yadda nake wa fetur, har sai da kowace ƙwaya ta yi sheƙi.

Ban ma tuna cewa awon buhu guda aka ba ni, ni kuma abin da ke hannuna bai kai mudu biyu ba.

Ƙamshi ya cika gidan. Matar ɗakin kusa ta leƙo tana tambaya ko wani ne ke ciwon haƙori. Mijinta ya ce a'a, injiniya ne ya buɗe kamfanin turare.

Da Kaka ta dawo da kayan zumuntarta a jiki, na tare ta da jarka kamar wanda ya ciyo kofi. Ta zuba kaɗan a tafi, ta murza, ta kai hanci, ta yi atishawa.

"Me ka shafa masa?"

"Maganin zamani, Uwargida. Kishiyoyinki duk sun mutu."

"Wake ba ya son shafa. Ina sauran?"

Na faɗa mata. Ta tafi bayan banɗaki da sandarta, amma kaji sun riga ta. Ta daɗe a tsaye a wurin.

Sai dai ƙwari sun mutu da gaske. Kwana uku, mako ɗaya, mako uku, ko ɗaya bai motsa ba. Kullum ta buɗe jarkar ta ba ni in duba, kullum in ce shiru kake ji. Sai ranta ya fara dawowa. Ta koma cin tuwo. Wata rana har ta dafa kaina a gaban Mama ta ce, "Ashe mijin nan nawa yana da rana. Allah ya yi maka albarka." Na yi ta baza kafaɗa a layi ina cewa duk mai matsalar ƙwari ya zo ofis. Wannan albarkar ce har yau take min nauyi fiye da zagi.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Kaka ta yi abin da ta ce kowace mace a garinsu tana yi kafin shuka. Ta ɗebi ƙwaya goma ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a fasasshiyar ƙwarya, ta ajiye a lungu. Kwana huɗu ake ba shi. Iri mai rai zai fito da ɗan farin haƙori.

Ran na huɗu ta kira ni. Na warware tsumman. Sun kumbura, sun yi laushi, fatar tana saɓulewa, ƙamshin kanumfari da warin ruɓa sun haɗu. Babu haƙori ko ɗaya.

"Nawa suka fito?"

"Uwargida... barci suke. Kin san 'yan birni ne yanzu, ba sa tashi da wuri."

Ta ce tsumman ne, akwai sabulu a jikinsa. Ta yagi gefen tsohon zanenta ta sake. Kwana huɗu, babu. Ta ce ruwan rijiyar burtsatse ne, waken bai san shi ba. Ta jira ruwan sama na farko ta tara a kwano ta sake, wannan karon ƙwaya ashirin. Na riƙa zuwa lungun a ɓoye ina buɗewa ina musu magana. Na roƙe su. Na yi musu alkawarin kunya biyu a Gonin Gora, iska mai kyau, ba hayaƙin janareta. Babu wanda ya amsa.

Na koma Kakuri da guntun waken a aljihu. Oga ya murza, ya dube ni.

"Ka juye duka? A buhu nawa?"

"Mudu biyu. Bai ma kai ba."

"Ah-ah! Kuma me ya sa kake son ya tsiro?"

"Iri ne, Oga. Na kakata."

Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya fara da Hausa, ya koma Turancin kasuwa, ya ƙare da yarensu. Da ya huce ya zaunar da ni a benci. Ya ce iri numfashi yake kamar ni da shi. Mai ya toshe masa hanci, kanumfari mai yawa kuma ya ƙone idon da tsiro ke fitowa. Ya kira 'yarsa a waya a gabana, ya sa a sifika. Ta yi tambayoyi, mako nawa, mai nawa, sannan ta ce, "Baba, ka ba shi haƙuri."

"In na wanke fa?"

"Yarona, gawa in ka yi mata wanka tashi take?"

Duk da haka na wanke. Da ruwan ɗumi, da sabulun gari, har da toka. Na shanya, na naɗe a tsumma da kaina. Ban san ma me nake jira ba. Ga wake jawur, mai kyau, ba rami ko ɗaya, ya fi na kowa kyan gani a Kaduna. Ba ya shukuwa, ba ya ciyuwa. Mama ta ce a haƙa rami a binne kar kajin mutane su ci mu shiga uku. Kaka ta ce a bar mata kayanta. Ta mayar da jarkar ƙarƙashin gado, tana nan har yau.

Mama ta zage ni tas, kuma na ji daɗin zagin, don ya fi sauƙi. Kaka ba ta zage ni ba. Abin da ta yi kawai, ta daina ce min Maigida. Ta koma kirana da sunana na baftisma, cikakke, kamar malamin makaranta. In na shigo na ce, "Uwargida, me aka dafa wa mai gida?" sai ta ce, "Abincinka na kan tebur." Ƙawarta ta Gonin Gora ta aiko a tambaya, Kaka ta ce a faɗa mata ta shuka masararta a kunyoyin.

Damina ta yi nisa, wata safiya na zagaya bayan banɗaki, sai na ga ganye uku-uku sun leƙo daga tsagar siminti a jikin katanga, cikin kumfar sabulu da bawon rake. Tsiron wake, guda uku. Na kwasa da gudu har na yar da buta.

Kaka ta zo ta durƙusa a cikin ƙazantar nan da zanenta, ta shafa ganyen da yatsa, ta shinshina.

"Naki ne?"

"Wake dai ne."

"Amma naki ne?"

"Gidan nan mutum nawa ke wanke wake a zubar a nan? Sai ya yi 'ya'ya za a sani."

Wato waɗanda na kora don suna da rami, su ne masu sauran rai, in ma su ne. Ƙwaro ya ci gefe ya bar musu ido. Ni da na zo ceto, ni na bi ido na ƙone.

Muka tone su da cokali muka mayar a bokitan fenti da ƙasar da na ɗebo daga bakin rafi. Ɗaya ya mutu bayan kwana biyu, wake ba ya son ƙaura. Biyu suka kama, suka hau sandar eriya. Mai gidan haya ya zo ya ce shi ɗaki ya bayar, bai bayar da gona ba. Na bi shi har bakin mota ina roƙo, na yi masa gyaran janareta kyauta har ƙarshen shekara. Wata uku ina gadin bokiti biyu, ni da nake cewa ba aikin da zai zaunar da ni wuri ɗaya. Ba abin da zan iya yi musu kuma. In na ɗauko ruwa Kaka ta ce ya isa. In na kawo taki ta ce in mayar. Sai kallo.

Na farkon ya yi kwanso, ya bushe, ta ɓare. Fari ne, waken kasuwa, na matar ɗakin kusa. Kaka ta miƙa mata ta ce ga amanarki.

Na biyun kwanso huɗu kawai ya yi. Ta ƙi ɓarewa sai da suka bushe ƙarau. Ta ɓare na farko a tafina don ita ba za ta ga launi ba.

"Faɗa min."

Ja ne. Mai ɗigo-ɗigo.

Duka-duka ba su rufe tafin hannu ba. Ta sa aka kawo mata karan masara daga Gonin Gora, ta ƙona da kanta a kan murfin tukunya, ta tankaɗe tokar, ta zuba waken da tokar a gwangwanin madara da barkono uku, ta liƙe bakin da laka. Ba ta bar ni na taɓa ko gwangwanin ba.

Shekaranjiya, da zafin nan ya dawo, ta fasa lakar ta fito da su bakin ƙofa.

"Zo ka ara min idonka."

Na duba ɗaya bayan ɗaya. A jikin guda biyar akwai farin ɗigo, ƙanƙane, manne da fata. Tun suna kan sandar eriya aka yi musu ƙwai. Ina da ƙarya kusan goma a baki, duk masu ban dariya. Na haɗiye su na faɗa mata gaskiya.

Ta ciro allura daga bakin zanenta, ta riƙe, ta ga ba za ta iya ba, ta miƙo min.

"Kankare. A hankali. Kar ka taɓa idon."

Na zauna a dakali ina kankare ƙwan ƙwaro da allura. Oga ya taɓa faɗa min cewa in ƙwan ya riga ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shige ciki, ɓawon kawai kake kankarewa, kuma daga waje ba a ganewa. Ban faɗa mata wannan ba. Ina jin ta fi ni sani.

Saura wata biyu ruwa ya sauka. Hanyar garinsu har yanzu ba mai bi. Mai aski ya aiko yaro sau biyu, injinsa na tari, na ce a ce masa ina zuwa.